Shawarar Kirista da Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Jagora ga Masu Kiwon Ikilisiya a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

A ce wata uwa ta zo gidan fasto bayan sujadar Lahadi, ta durƙusa ta gaisa, ta ce, "Baba Fasto, 'yarka da ta haihu makon jiya ta daina barci. Ba ta shayar da jaririn, sai surutai take ita kaɗai. Dangin mijinta sun ce iska ce." Me makiyayi zai yi? Ya tara dattawa a yi azumi da addu'a, ko ya nemi mota a kai ta asibiti, ko ya yi duka biyun? Abin da ya yanke a wannan yini zai iya zama dalilin tsirar uwa da jariri, zai kuma iya zama dalilin rasa su.

Wannan darasi domin fastoci ne, da masu bishara, da dattawa, da shugabannin zumuntar mata da na matasa da suke hidima a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da duk inda yanayi ya yi kama da nasu. Za mu duba ma'anar kalmomi, da tarihin muhawarar da ke tsakanin bangaskiya da ilimin halayyar ɗan Adam, da ra'ayoyin masanan Kirista, sa'an nan mu faɗi inda muka tsaya da yadda za a yi aikin.

Ma'anar kalmomi

Shawarar Kirista ita ce zaman da mai bi balagagge yake yi da wanda yake cikin damuwa, ya saurare shi, ya taimake shi ya ga halinsa a hasken Maganar Allah, su nemi mafita tare. Ta bambanta da wa'azi, domin a wa'azi mutum ɗaya ne yake magana ga taro, a shawara kuwa mai damuwar ne ya kamata ya fi magana.

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake kira saikoloji, shi ne binciken yadda mutum yake tunani, da yadda yake ji a ransa, da dalilin da yake yin abin da yake yi. Masanin wannan fanni yakan yi jiyya ta hanyar tattaunawa. Likitan ƙwaƙwalwa kuma cikakken likita ne da ya ƙware a kan taɓin hankali, shi ne yake rubuta magani. Akwai kuma ma'aikatan jiyya da aka horar musamman domin wannan aiki, kuma su ne majiyyaci ya fi haɗuwa da su a asibitocinmu.

Taƙaitaccen tarihi

Ikilisiya ta daɗe tana kiwon rayuka kafin a san wani ilimi mai suna saikoloji. Wajen shekarar 590, Giregori Babba na Roma ya rubuta littafi domin makiyaya inda ya nuna cewa gargaɗi ɗaya ba ya yi wa kowa, domin abin da zai ɗaga mai baƙin ciki ba shi ne zai gyara mai girman kai ba. A Ingila, a ƙarni na 17, fasto Richard Baxter ya yi rubutu a kan matsanancin baƙin ciki, ya kuma shawarci masu fama da shi su nemi likita tare da taimakon fastonsu.

Saikoloji na zamani ya tsaya da ƙafarsa a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. Zargin da Kirista da yawa suke yi wa fannin ya samo tushe daga Sigmund Freud, wanda a 1927 ya wallafa littafi yana cewa addini ruɗi ne da mutum ya ƙaga domin ya rage tsoronsa. Amma a wannan zamanin ne kuma wani fasto a Amurka, Anton Boisen, wanda shi kansa ya kwanta asibitin taɓin hankali, ya fara kai ɗaliban tauhidi asibiti a 1925 domin su koyi zama da marasa lafiya. A 1951 Carl Rogers ya fito da hanyar shawara wadda ta dogara ga sauraro ba tare da hukunci ba, makarantun tauhidi da yawa kuma suka rungume ta. A 1965 makarantar tauhidi ta Fuller ta buɗe sashen horar da masana saikoloji. A 1970 sai Jay Adams ya tayar da ƙura da littafinsa, yana cewa fastoci sun sayar da aikinsu ga masu ilimin duniya.

A Najeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954. Majiyyata suna kwana a gidajen ƙauye tare da wani daga danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Ya nuna cewa mai taɓin hankali ya fi samun sauƙi idan ba a raba shi da jama'arsa ba. Wannan darasi ya shafi ikilisiya kai tsaye.

Manyan ra'ayoyi biyar

Wani littafi da Eric Johnson ya shirya, wanda ya fito a 2000 da ra'ayi huɗu, aka faɗaɗa shi a 2010 ya zama biyar, ya zama ma'aunin da makarantun tauhidi suke bi wajen rarraba matsayin Kirista.

Na farko, shawara daga Littafi Mai Tsarki kaɗai. Wannan ita ce hanyar Jay Adams, daga baya David Powlison ya tausasa ta. Suna kafa hujja da 2 Timoti 3:16-17, cewa Nassi ya isa ya shirya mutumin Allah domin kowane kyakkyawan aiki. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne bai raina zunubi da tuba ba. Haɗarinsa kuwa, a hannun wanda bai ƙware ba, kowace damuwa sai ta koma laifin mai ita. Ya kamata a sani cewa Adams kansa ya yarda akwai ciwon da yake daga jiki wanda aikin likita ne.

Na biyu, haɗa bangaskiya da saikoloji. Gary Collins, Larry Crabb da Stanton Jones suna cikin masu wannan ra'ayi. Suna cewa kowace gaskiya ta Allah ce, ko a bakin wa ta fito, amma Nassi shi ne rariyar da ake tace komai da ita. Crabb ya kwatanta aikin da yadda Isra'ilawa suka fita da dukiyar Masarawa amma suka bar gumakansu.

Na uku, kowane fanni da matakinsa. David Myers yana koyar da cewa kimiyya da tauhidi suna amsa tambayoyi dabam dabam a kan mutum ɗaya. Likita zai bayyana yadda tsoro yake sa zuciya bugawa, fasto kuma ya bayyana ga wa mai tsoro zai dogara. Rauninsa shi ne yakan bar bangaskiya a gefe kamar ba ta da ta cewa a ɗakin jiyya.

Na huɗu, saikoloji irin na Kirista. Robert Roberts da abokansa suna cewa ikilisiya tana da nata ilimin rai tun daga Nassi da Agustin da sauran iyayen ikilisiya, sai a tono shi a gina a kai.

Na biyar, hanyar sabunta mai shawara. John Coe da Todd Hall sun fi mai da hankali ga ruhaniyar mai ba da shawarar, domin wanda Ruhu Mai Tsarki bai gyara ba zai karkatar da kowane ilimi da ya riƙe.

Inda muka tsaya

Muna karɓar Littafi Mai Tsarki a matsayin hukunci na ƙarshe a kan ko wane ne mutum, da abin da ya lalata shi, da hanyar cetonsa. Duk koyarwar da ta ce babu zunubi, ko ta ce mutum shi ne mai ceton kansa, mun ƙi ta, bisa ga gargaɗin Kolosiyawa 2:8. Marigayi Dokta Byang Kato, wanda ya rasu a 1975, ya gargaɗi ikilisiyar Afirka a kan gauraya bishara da abin da ya saɓa mata, kuma gargaɗin ya shafi abin da ya zo daga Turai kamar yadda ya shafi bori da tsafi.

Amma Nassin da kansa bai koya mana raina ilimin da Allah ya ba 'yan Adam ba. Musa ya karɓi shawarar surukinsa Yetro a kan tsarin shari'a (Fitowa 18). Ishaya ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, ko da yake Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi (Ishaya 38:21). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Laifin sarki Asa a 2 Tarihi 16:12 shi ne ya bar Ubangiji ya dogara ga masu magani kaɗai.

Mutum jiki ne da rai a haɗe, abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan. Mu dubi Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi har sau biyu, sa'an nan ya tambaye shi, ya saurari kukansa, ya gyara tunaninsa na cewa shi kaɗai ya rage, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, wato Elisha. Wannan jeri na abinci, barci, sauraro, gyaran tunani, aiki da zumunci, shi ne kusan abin da masana suke bi a yau wajen jiyyar ciwon baƙin ciki.

Mun gaskata akwai Shaiɗan da aljanu, Yesu kuma ya fitar da su. Amma Matiyu 4:24 ya lissafa masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Idan mai bishara ya bambanta, mu ma wajibi ne mu bambanta. A Yahaya 9 kuma Ubangiji ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan sakamakon zunubinsa ce ko na iyayensa.

Yanayin ƙasar Gumel

Ƙananan hukumomin nan huɗu su ne masarautar Gumel, ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga Kano a 1991. Masu bi a nan tsiraru ne. Da yawa aiki ne ko kasuwanci ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro da na kwastan a iyakar Maigatari, masu yi wa ƙasa hidima. Iyalansu suna nesa, don haka fasto shi ne uba, shi ne kawu, shi ne wanda ake bugawa waya da tsakar dare. Ikilisiyoyin ƙanana ne, kowa ya san kowa, magana ɗaya idan ta fita ta gama gari.

Damuwar da ake kawo mana tana bin rayuwar wurin. Akwai manomin gero ko riɗi da damina ta ba shi baya ga bashi a wuya. Akwai ɗan kasuwar da ya yi asara a kasuwar dabbobi ta Maigatari da take ci ranar Alhamis. Akwai matashin da ya fara shan tiramol domin ƙarfin aiki har ya kasa bari. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma shaye-shaye bai ƙare ba. Akwai kuma firgicin da yake biyo bayan masifa. Gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba 2024, ta hallaka fiye da mutum 150, kuma wanda ya ga irin wannan da idonsa yakan yi watanni yana mafarkinsa.

Al'adarmu ma tana da hannu. Kunya da kara sukan hana mutum faɗin abin da ke cinsa, musamman mace a gaban namiji ko yaro a gaban babba. Sau da yawa ba za a ce "ina baƙin ciki" ba, sai a ce "kaina yana zafi", "zuciyata tana faɗuwa", "wani abu yana yawo a jikina". Idan kuma hali ya canja, bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne sammu, ko iska, ko kurciya, ko maita. Masu bi ma ba su tsira daga wannan ba, sai dai su sauya boka da gidan addu'a. Haƙuri kyakkyawan hali ne, amma "yi haƙuri" da aka faɗa tun mutum bai gama magana ba rufe baki ne kawai.

Alamomin da suke bukatar asibiti

Fasto ba likita ba ne, amma dole ya gane lokacin da za a nemi likita. A kai mutum asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Rikicewar hankali farat ɗaya tare da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya. Muna cikin yankin da sanƙarau yake yawa da rani da bazara, zazzaɓin cizon sauro ma yakan taɓa ƙwaƙwalwa.

2. Mai jego da ta daina barci, tana surutai, tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta. Wannan ciwo yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyu na farko bayan haihuwa, kuma yana warkewa da magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

3. Wanda yake maganar kashe kansa. A tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani. A kawar da maganin ƙwari, da igiya, da makami, a kuma sa wani ya zauna tare da shi.

4. Farfaɗiyar da ta wuce minti biyar ko take maimaituwa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa. A kwantar da mai ita a gefensa, kada a tura masa cokali a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai.

Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba amma suna bukatar likita: baƙin cikin da ya wuce mako biyu tare da rashin barci, rashin cin abinci da kasa aiki, jin muryoyin da ba wanda yake ji, zargin kowa da neman hallaka shi, da shaye-shayen da mutum ya kasa bari.

A fara da Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa. Jigawa tana da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. A Kano, wadda take kimanin kilomita 120 daga Gumel, akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kaɗai ga mutum fiye da miliyan 200, shi ya sa hidimar ikilisiya kafin asibiti da bayansa take da nauyi.

Yadda ake zaman shawara

Sauraro ne farko. Yakubu 1:19 ya umarce mu da saurin ji da jinkirin magana, Karin Magana 18:13 kuma ta kira amsa kafin a ji wauta. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Sun fara kuskure ne da suka buɗe baki suna neman laifinsa, har Allah ya tsawata musu (Ayuba 42:7).

A yi tambaya a kan jiki da rai duka: Yaya barci? Yaya cin abinci? Yaushe abin ya fara? Me ya faru a lokacin? Kana shan wani abu? Yaya addu'arka a kwanakin nan? Akwai abin da lamirinka yake tuhumarka a kai?

Sai a bambanta. 1 Tasalonikawa 5:14 ta ambaci mutum iri uku da magani iri uku: mai taurin kai a gargaɗe shi, mai karyayyar zuciya a ƙarfafa shi, rarrauna a tallafe shi, a kuma yi haƙuri da kowa. Mijin da yake dukan matarsa yana bukatar gargaɗi da horon ikilisiya, matar kuma tana bukatar tsaro kafin a yi maganar sulhu. Gwauruwar da take kuka wata shida bayan rasuwar mijinta ta'aziyya take bukata, kada a ce mata bangaskiyarta ta raunana. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, Allah kuma ya bar ta cikin littafinsa. Ubangijinmu kansa ya yi matsanancin baƙin ciki a Getsamani.

A riƙe amana. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara kada ya zama misali a bagadi, kada kuma ya fita da sunan roƙon addu'a. Iyakar wannan amana ita ce inda rai yake cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. A faɗa wa mutum wannan iyaka tun farkon zama.

A kiyaye mutunci. Fasto kada ya keɓe da mace a ɗaki rufe. Matar fasto ko wata dattijuwa daga zumuntar mata ta kasance kusa, sau da yawa ma ita ce za a fi sakin jiki da ita.

Idan an tura mutum asibiti, a bi shi. Basamariyen nan na Luka 10 ya ɗaure raunuka, ya kai mutumin masauki, ya biya, ya kuma yi alkawarin dawowa. Ikilisiya za ta iya tara kuɗin mota da na magani, ta sa dattijo ya raka iyalin, ta riƙa tuna musu ranar komawa.

Kurakuran da za mu guje wa

Kada fasto ya ce wa kowa ya bar shan magani domin ya nuna bangaskiya. Magungunan ƙwaƙwalwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, barinsu farat ɗaya kuma yakan dawo da ciwon. Wanda ya gaskata ya warke ya koma wurin likita a tabbatar, kamar yadda Yesu ya aiki kutare su nuna kansu ga firist.

Kada a ɗaure, ko a doke, ko a tilasta wa marar lafiya azumi. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya sami masu taɓin hankali a ɗaure da sarƙa a sassan Najeriya, a asibitoci, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini, har da na Kirista. Wannan abin kunya ne a gare mu. A Markus 5 mutanen gari ne suka yi ta ɗaure mutumin nan da sarƙa, Yesu kuwa ya maido shi cikin hankalinsa, saye da tufa, ya aike shi gida wurin danginsa. Sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa hannu a kanta a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar da haƙƙin majiyyaci na a bi da shi cikin mutunci.

Kada a nuna wata tsohuwa ko kishiya ko yaro a ce shi ne maye. Irin wannan zargi ya raba gidaje, ya kuma jawo zubar da jini.

Kada kuma mu faɗa ɗaya ramin, mu mai da kowane abu ciwo. Ƙwaya ba ta gafarta zunubi, ba ta sulhunta 'yan'uwa, ba ta ba mai mutuwa bege. Wanda ya dawo daga Kazaure da magani a aljihu yana bukatar Maganar Allah, da Jibin Ubangiji, da wurin zama a majami'a ba tare da ana nuna shi da baki ba.

Makiyayi ma ya kula da kansa. Mai ɗaukar nauyin mutane da yawa yana bukatar hutu da wani fasto amini da zai buɗe wa cikinsa.

Kammalawa

Mu koma ga uwar da ta durƙusa a gidan fasto. Amsar da ta dace ita ce, "Mama, tashi mu je. Za mu yi addu'a yanzu, mu kuma nemi mota. Ki sa wata ta riƙe jaririn." A hanya ana addu'a, a asibiti ana addu'a, bayan an sallame ta zumuntar mata ta karɓi girki da wanki har ta murmure. Allahn da yake jin addu'a shi ne ya ba likita sani, saboda haka ba mu ci amanar bangaskiya ba idan muka yi amfani da duka biyun.

Muna roƙon kowace ikilisiya a yankin nan ta yi abu uku kafin ƙarshen shekara: ta san asibitin da za ta kai mai taɓin hankali da ranakun ganin likita, ta keɓe wani abu a baitulmali domin irin wannan gaggawa, ta kuma zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya masu riƙon amana a horar da su sauraro. Ubangiji, Makiyayi Mai Kyau, ya ba mu hikimar kiwon tumakinsa. Amin.